Abin da Mai Alli Bai Rubuta Ba

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wa motocin wani kamfanin ƙanƙara aiki da alli a kan allo, ni kuma aka ɗauko in rubuta manhajar da za ta gaje shi. Na faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye laifina. Manhajar nan tawa saura ƙiris ta sa a kori wani dattijon direba da Kawu ya daɗe yana karewa, alhali ni ban ma san ana kare wani ba.

A harabar kamfanin ba mai kiransa da sunansa, sai Mai Alli. Allon yana manne a bangon ɗakin sanyi, an ja masa layi tara da farin fenti, kowace mota da nata. Da safe zai tsaya da alli ɗaya a hannu, ɗaya a bayan kunne, ya dubi sama, ya dubi tayoyi, ya dubi idanun direbobi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rubuta. Biyu da Uku, kasuwar kifi ta tsallaken gada. Biyar, shagunan lemo na bakin tasha. Direbobin ma lambar mota ce sunansu, har matansu in sun zo nema sai ka ji suna cewa, "Ina Huɗu ya shiga?" Da yamma ya jiƙa tsumma ya goge allon tas. Matarsa ta sha cewa ita ba miji ta aura ba, makarantar firamare ta aura, don duk wankin da ta yi sai ruwan ya koma fari.

Abin da ya fi ba mu haushi da shi a gida, ba ya faɗin dalili. Kawu, me ya sa ba za a matsar da kujerar nan kusa da taga ba? "Haka nan." Me ya sa yau ba za mu je gidan Gwaggo ba? "Haka nan." Ba faɗa, ba tsawa, zai faɗa ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ina da shekara uku mahaifina ya rasu. Shi ne makanikin kamfanin a lokacin, kuma abin da aka gaya mini kawai shi ne hatsarin mota. Kawu yayan Umma ne, shi ya kwashe mu zuwa gidansa, ya sa ni makaranta, yana ce mini Uwata don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ranar da na ce ilimin kwamfuta zan karanta, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya sa ana cin abinci da shi."

Da sabon Manaja ya zo ya ce zamanin allo ya wuce, Kawu da bakinsa ya ce ai yana da 'ya mai wannan karatun. Idonsa ya fara yin yana, yana son hutu. Aka shirya zai yi wata uku a gefe yana kallo, daga nan ya ajiye aiki. Na zaunar da shi a ofis na buɗe masa kwamfuta.

"Kawu, ba manhaja ɗaya ba ce, ƙanana ne da yawa, kowace da hankalinta. Wakilai muke ce musu. Kowace mota da wakilinta, kowane shago da nasa, ɗakin sanyi da nasa, gareji da nasa. Wakilin shago zai ce yana son ƙanƙara guda hamsin kafin ƙarfe tara. Wakilan motoci su ji, kowa ya duba nisansa da man tankinsa da wurin da ya rage masa, ya yi tayi. Wanda tayinsa ya fi kyau shi zai ɗauka, sai saƙo ya shiga wayar direba."

"Waye babbansu?"

"Ba su da babba."

"To wa ke raba aikin?"

"Su ke rabawa tsakaninsu."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya bar masa farin tabo, ya mayar. "To in abu ya lalace, wa za a zaga?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na san abin da ke tafe, da na adana dariyar.

Akwai wakili ɗaya da ba ya ɗaukar kaya, na sa masa suna Mai Sa-ido. Aikinsa ya gwada abin da wayar direba ta faɗa da abin da na'urar da ke maƙale a jikin mota ta faɗa. In sun dace ya ƙara wa motar makin amana, in sun saɓa ya rage. Wakilan shaguna kuma na koya musu su guji motar da makinta ya yi ƙasa.

Sati uku na yi ina bin Kawu da littafi, tunda allo ba ya ajiye tarihi, komai a kansa yake. Me kake yi in an yi ruwa? Me kake yi in mota ta mutu a hanya? Wa kake fara turawa? Duk ya amsa, wani lokacin har da zane a ƙasa. Doka arba'in da biyu na zaro daga bakinsa na dasa wa wakilan. Amma duk tambayoyina me kake yi ne. Ko sau ɗaya ban ce masa me ba ka taɓa yi ba, shi kuwa ba mutum ba ne da zai ba ka abin da ba ka tambaya ba.

Kafin in sake su, na gina musu garin ƙarya a cikin kwamfuta, da titunansa da cunkosonsa, suka yi kwana dubu suna kai ƙanƙarar ƙarya. Ko guda ba ta narke ba. Wallahi a lokacin ji nake duk duniya ba ya ni.

Baba Bakwai shi ne direban da ya fi kowa daɗewa, siriri mai ɗan farin gemu, ba ya magana sai ta kama. Tun ina ƙarama, duk ranar da Umma ta zo da ni kamfanin sai ya fasa ɗan guntun ƙanƙara ya naɗe a takarda ya miƙo mini, bai taɓa kallon idona ba, na ɗauka kunya ce irin tasa. Motarsa ta yanzu ita ce mafi girma, akwatinta ya fi riƙe sanyi. Kasuwar kifi ta tsallaken gada kuma ita ce mafi nisa, ita ce mai cin kaya da yawa. Don haka kullum wakilin Bakwai ke cinye wannan tayin, kuma daidai ya yi.

A kwana na uku da sakinsu Mai Sa-ido ya fara ƙorafi. Wayar Bakwai ta ce an sauke kaya a tsallaken gada, na'urar jikin motar Bakwai ta ce motar tana cikin gari a layin masu lemo. Na kira masu kifi, suka ce kayansu sun iso cif. Na kira masu lemo, su ma sun karɓa. To mota ɗaya a wuri biyu? Na ce na'urar ce, aka canza ta. Na ce wayar ce, aka canza ta. Na zargi taswira, na zargi agogon kwamfutar ofis, har kamfanin waya na kira na yi musu tas, baiwar Allahn da ta ɗauka tana ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Daga nan abin ya yaɗu. Wakilin gareji ya lura motar Uku tana shan mai fiye da aikin da aka ba ta, ya janye ta daga layi ya ce a duba. Makaniki ya kwance ya ɗaura, ya ce lafiyarta ƙalau. Bayan kwana biyu ya janye Biyu. Wakilin ɗakin sanyi ya ga motoci sun ragu, ya rage ƙanƙarar da ake haɗawa. Wakilan shaguna suka ga kaya sun yi ƙaranci, suka fara oda tun kafin su buƙata, kowa na tsoron a bar shi a baya. Ina zaune ina karanta hirarsu layi-layi, dubban layuka. Duk wakilin da na bi shi kaɗai sai in ga ya yi daidai, bai karya doka ko ɗaya ba, amma in ka haɗa su sai ka ce mahaukata. Kaina ya ɗaure tamau. Na fara yi wa kwamfuta magana da ƙarfi, har mai shara ta je ta tambayi Kawu ko lafiyata.

Shi kuwa yana kan benci a ƙarƙashin allon da ba a rubuta komai, alli a bayan kunne kamar kullum. Na je na tsuguna kusa da shi.

"Kawu, ko ka ga wani abu da ni ban gani ba?"

"Ni me na sani a kwamfuta, Uwata?"

Bai yi ƙarya ba, amma na lura bai kalle ni ba.

A sati na uku makin Bakwai ya faɗi ƙasa warwas, tunda duk saɓanin da aka samu da lambarsa a ciki, sauran motocin kuwa jefi-jefi. Wakilan shaguna suka juya masa baya gaba ɗaya. Masu lodi sun saba cika motarsa tun kafin saƙo ya shigo, sai ga ta maƙil a tsakiyar haraba, ba wanda ya karɓi tayinta. Rana ta ɗago, ruwa ya fara ɗiga daga akwatin, ya yi hanya har bakin ƙofa. Baba Bakwai na zaune a ciki riƙe da waya yana jiran saƙon da ba zai zo ba. Manaja ya shigo yana tsallake ruwan da takalminsa mai sheƙi, ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Injiniya, ɗaya cikin biyu ne. Ko manhajarki ƙarya take yi, ko tsohon nan aikin gefe yake yi da motata. In ba ki nuna mini kuskuren ba zuwa Asabar, takardar sallamarsa na kan teburin nan."

Na fito. Baba Bakwai yana da 'ya'ya shida da tsohuwar uwa, wa zai ɗauki direba mai farin gemu? Kuma ni na san manhajata ba ta ƙarya. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Na mayar masa da makinsa da hannu don ya samu aiki. Washegari ban buɗe kwamfuta ba, na fito haraba na laɓe a bayan janareta. Wayoyi suka yi ƙara, kowa ya duba tasa. Sai ga Baba Bakwai ya zagaya bayan tankin ruwa, Uku ya bi shi yana waige-waige. Dattawa biyu masu jikoki, suka yi musayar waya da sauri kamar masu cinikin kayan sata. Masu lodi kuma ba wanda ya ce musu komai, suka shiga kwashe ƙanƙara daga babbar motar suna danna wa ƙaramar motar Uku har rufi.

"Ikon Allah! Baba, abin da kuke yi mini ke nan?"

Uku ya kusa yar da wayar. Baba Bakwai ya sunkuyar da kai.

"Sati uku ina neman kuskure a cikin kwamfuta, ashe kuskuren na bayan tanki! To in dole sai kun yi musaya, me ya hana ku musanya motocin gaba ɗaya, da ba wanda zai gane?"

Suka kalle ni kamar na zagi iyayensu. Uku ya ce, "Mota? Haba 'yar nan. A gidan nan direba zai ara miki rigar jikinsa, amma ba zai ara miki sitiyarinsa ba."

"To me ya sa ake musayar?"

Suka dubi juna.

Raina ya ɓaci, kuma ina ganin na samo magani mai sauƙi. Na ce, "Baba, korarka za a yi ranar Asabar. Ka karɓi wayarka, a mayar da kayan, ka kai su da kanka ko sau ɗaya ne, makinka ya gyaru. Ni ma zan raka ka." Aka mayar da kayan, na buɗe ƙofar motarsa na haye kujerar gefensa. Na hango Kawu ya miƙe daga benci, ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke.

Tuƙinsa lafiya lau, ba gudu, ba garaje. Muka wuce tasha, muka wuce gidan mai, muka sha kwanar da ke fuskantar gada. Sai na ji motar na rage gudu. Ya gangara gefen titi ya kashe ta. Gumi na bin gemunsa yana ɗiga a gwiwa, ga sanyin akwati a bayanmu.

"Baba, lafiya? Ga gadar can, minti biyu ne."

"Sauka," ya ce. "Ba da ke a ciki ba. Ba a kujerar nan ba."

Ban gane komai ba. Na sauka na tsaya sororo a bakin titi. Can sai ga Uku ya tsaya a bayanmu, ashe Kawu ya ce ya biyo mu. Ranar dai aka karya dokarsu, Uku ya hau motar Bakwai ya tsallaka da ita, mu kuma muka juyo a tasa.

Kawu na tsaye a gaban allo yana jira. Ya kori masu lodi da hannu, ya ce in zauna.

"Shekara ashirin da huɗu ke nan. Bakwai ya ce mini birkin tsohuwar motarsa na ƙara, ba zai fita ba. Ƙanƙara na narkewa, masu kifi na ta aiko. Na ce mahaifinki ya hau gefensa ya saurari ƙarar a hanya, in sun dawo ya gyara. Da hannun nan na rubuta, Bakwai, tsallaken gada. A gangaren gadar birkin ya tafi. Bakwai ya fito da ƙafarsa. Mahaifinki a gefen da kika zauna yau yake." Ya shafa layi na bakwai da tafin hannu. "Tun ranar ban sake haɗa Bakwai da gada a layi ɗaya ba. Shi bai roƙe ni ba, ni ban ce masa ga abin da nake yi ba."

"Umma ta sani?"

"Ta sani."

"Direbobi fa?"

"Har mai shayin bakin ƙofa."

"Ni kaɗai ce ban sani ba?"

"Ke da Manaja. Sai 'yan wakilanki."

"Kawu, sati uku ina binka da littafi. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya buɗe baki, na ga "haka nan" ta taho har kan leɓensa. Ya haɗiye ta.

"Tsoro nake ki daina ce mini Kawu."

Har yau ban san abin da na ji a lokacin ba. Haushinsa na ji, tausayinsa na ji, na ji kunyar dattijon da na ja har bakin gada ina masa lissafin minti biyu. Ina so in yi ihu, ban san wa zan yi wa ba. Na tuna tambayarsa ta ranar farko, wa za a zaga. Na tashi na shige ofis na kulle, na yi kukan da ban yi ba ina da shekara uku.

Da na share fuska na buɗe kwamfuta. Cire gada daga taswirar Bakwai abu ne na minti ɗaya, amma ni da kaina na tsara cewa duk dokar da aka sa wa mota sai an rubuta dalilinta, kuma Manaja na karantawa. In na rubuta direba ba ya iya tsallake gada, na rubuta takardar korarsa da hannuna. Shi kuwa wakili ba a rubuta masa dalili, sai na ƙirƙiri wakili na ƙarshe, ɗan ƙarami, layi ashirin bai cika ba. Ba shi da mota, ba shi da shago. Aikinsa ɗaya: duk sanda wakilin Bakwai ya yi tayin tsallaken gada, ya ce a'a. Na sa masa suna Mai Alli.

Ranar Asabar na gaya wa Manaja gaskiya iya wadda zan iya. Direbobi musayar waya suke yi, ko guda ɗaya ta ƙanƙararsa ba ta bi wata hanya ba, kuskuren nawa ne da na bar wata tsohuwar doka a waje.

"Wace doka?"

"Bakwai ba ya tsallake gada."

"Saboda me?"

"Kawu ne ya sa ta."

"Kawunki ƙarshen wata mai zuwa zai tafi."

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na rubuta shi a ciki."

Ya daɗe yana juya biro. Shi ma na ga kansa ya ɗaure. Daga ƙarshe ya ce shi dai kada ya sake ganin ruwa a bakin ƙofarsa, ya jefa takardar a aljihun tebur.

Ranar da Kawu zai ajiye aiki ya shigo ofis ya tsaya a bayana, abin da bai taɓa yi da kansa ba. Na nuna masa hirar wakilan ta safiyar, na karanta masa tunda idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Wakilin Bakwai ya yi tayin tsallaken gada. Mai Alli ya ce a'a. Mai Sa-ido ya tambayi dalili. Mai Alli ya ce, haka nan.

"Kullum sai sun tambaye shi?"

"Kullum, Kawu."

"Kuma kullum haka yake ce musu?"

"Abin da ya iya ke nan."

"Shi ya san dalilin?"

"Bai sani ba. Ban gaya masa ba."

Ya kalli rubutun da ba ya gani. Ya zare allin daga bayan kunne ya ajiye a gefen kwamfutar.

"To shi ya huta," ya ce, ya fita yana kakkaɓe aljihu.